Yadda Kurege Ya Yi wa Bushiya Taki

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu sha dariya.

To ku matso. Mai gyangyaɗi kuwa ya tashi tun yanzu, ba na maimaitawa.

Kurege ne da Bushiya, gonakinsu iyaka ɗaya. Gero ya shuka, gero ta shuka. Amma kullum sai Kurege ya auna tsawon nasa da wutsiya, ya tsallaka ya auna nata, ya ga nata ya ɗara da ɗan yatsa. Ɗan yatsa fa, jama'a! Shi ke nan, ranar ba shi ba cin tuwo.

Matarsa ta ce, "Maigida, lafiya kake ta ramewa?"

Ya ce, "Ina fa lafiya, wannan mai ƙayar za ta fi ni gero bana?"

Rannan yana zaune hassada na cin sa, sai ya ga matar ta ɗebo toka a murhu ta zagaye bakin ɗaki da ita. Ya ce, "Wannan fa?" Ta ce, "Tururuwa nake kora."

Kurege ya yi tsalle. Ya ce a ransa, abin da ya kori tururuwa mai ƙafafu, ai geron da ba ya iya gudu sai mutuwa.

Da asuba ya cika tsohon kwando da toka, ya faɗa gonar Bushiya a guje. Kwandon duk huji, tsoro kuma ya hana shi tsayawa, sai tokar ta riƙa zuba kaɗan-kaɗan a kan kunyoyi. Yana gudu yana cewa, "Barbaɗ-barbaɗ, bushe mini!" Tokar gidansa ta ƙare, ya bi gida-gida yana roƙo, wai magani zai haɗa.

Ruwa ya sauka. Geron Bushiya ya yi kore shar, kara ya yi kauri. Kurege ya ce, "Bai ji ba ne." Ya ƙaro toka. "Barbaɗ-barbaɗ, bushe mini!" Gero ya wuce kansa.

Ana nan, Bushiya ta yi sammako ta rutsa shi, ya yi fari fat har gira. Ta ce, "Malam Kurege, me kake zuba mini a gona? Wuce mu je gaban mai gari!"

Amma kun san bakin Kurege. Sai ya fashe da kuka. "Wayyo Yaya, kin tona ni! Taki ne. Alheri nake miki a ɓoye don in sami lada."

Bushiya ta dubi geronta, ta dubi nasa duk ya yi ja ya ƙanjame. Ta ce, "Allah sarki! Ka bar naka kana gyara nawa?" Ta shiga gari tana sa masa albarka ƙofa-ƙofa.

Kurege ya tsira. Sai a hanyar gida abin ya faɗo masa: ashe ƙaryar da ya shara gaskiya ce. Ya zube yana birgima. "Ni? Ni da hannuna na yi mata?"

Ya koma roƙon toka, kowane gida aka ce, "Haba Malam, mu ma gona za mu kai." Sai ya cinna wa dangarsa wuta. Tokar ba ta isa ba. Ya ƙona gado, ya ƙona turmi, matar na ihu. Ya dubi rumbu ya ce, "Kai ma me ke cikinka?" Ya banka masa wuta.

Bai jira tokar ta huce ba. Ya jibge ta tuli-tuli a gindin kowane gero, wai ta Bushiya barbaɗi ce, tasa kuwa ta manya. Kafin azahar geron ya kwanta, ya soye ƙurmus.

Da kaka sai ga Bushiya da dammuna niƙi-niƙi. Ta ce, "Ga tukuicinka, ɗan albarka. Ina rumbun in zuba maka?"

Kurege ya nuna mata gurbin rumbun da ya ƙone.

Ta ce, "Ba komai, bari in ajiye maka a nawa, kullum ka zo ka ɗiba."

Haka ya shekara. Kowace safiya sai ya hau rumbun Bushiya, ya leƙa ya gan shi cike maƙil, ya ɗebi zangarniyarsa, sannan ya sauko ya ce mata, "Na gode, Yaya." Yana cin geron, yana ramewa.

Kurunkus kan ɓera mai gajeren wutsiya. Wanda hassada ta kama a cikinku, ya yi ta a kwance, ta fi sauƙin asara. Ku tashi haka nan, na gaji.