Likitan Da Ya Ce Rauda Ƙalau Take

A garin Kura akwai wani likita da ake kira Dakta Maharazu. Yana da ƙaramin asibiti nasa na kansa a bakin hanyar da ta nufi Bunkure, daura da injinan casar shinkafa. Ya shekara goma sha bakwai yana duba manoman rani da iyalansu, kuma babu mai musun ƙwarewarsa. Tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da taifot, tun mara lafiya bai gama zama ba yake gane su. Aibinsa guda ɗaya ne: ba ya son a tunasar da shi abin da bai fara tunawa da kansa ba. Idan mara lafiya ya kuskura ya ce, "Likita, ko dai ciwo kaza ne?" sai ya ajiye biro ya miƙe tsaye ya nuna kujerarsa ya ce, "Bismillah, zo ka zauna ka rubuta wa kanka magani." Mutane su yi dariya, mai tambaya ya sunkuyar da kai. Shi kuwa yana ganin hakan raha ce.

Cikin masu zuwa wurinsa akwai Malama Rauda, malamar firamare a wani ƙauye da ke gefen babbar hanyar ruwa. Mijinta Dalhatu manomi ne, da damina shinkafa, da rani alkama. Gidansu ba a rasa gurasa da funkaso da taliyar murji, don alkamar tasu ce, ba saye suke yi ba.

Shekara biyu Rauda tana zarya. Cikinta ya kumbura kamar an hura, gudawa ta zo ta tafi ta dawo, jininta ya yi ƙasa, bakinta ya yi ta fitar da ƙuraje. Duk zuwa sai Dakta Maharazu ya ga ta ƙara ramewa. Ya ba ta maganin taifot har sau uku. Ya ba ta na tsutsar ciki. Ya ce gyambon ciki ne, ya hana ta yaji da tsami. Ya rubuta mata ƙwayoyin ƙarin jini, ta shanye kwalba bayan kwalba, jinin bai motsa ba.

Wata Laraba ta zo tare da mijinta, riƙe da littafin rubutu irin na ɗalibanta. Ta gaishe shi cikin ladabi, sannan ta ce, "Likita, don Allah ka yi haƙuri, akwai abin da na lura da shi. Wata huɗu ina rubuta duk abin da na ci. Lokacin hutu na yi kwana ashirin a gidanmu a Bunkure, can tuwon dawa ne da fura da ɗan shinkafa, sai na ji cikina ya lafa. Da na dawo na ci gurasa, kwana biyu abin ya dawo sabo. Na ji wata likita a rediyo tana bayanin wani ciwo, siliyak, wai alkama ce take lalata hanjin mai shi. Ta ce akwai gwajin jini. Ko za ka rubuta mini?"

Dakta Maharazu bai karɓi littafin ba. Ya jingina da kujera ya yi dariya.

"Malama, yanzu rediyo ce asibitinki? Wannan ciwon Turawa ne. Shekarata goma sha bakwai a nan ban taɓa ganin mutum ɗaya mai shi ba. Kakanninki a kan alkaki da funkaso suka tsufa."

"Haka ne, Likita. Amma da an gwada ko don hankalina ya kwanta."

Ma'aikaciyar jinyarsa, Halimatu Sa'adiyya, tana tsaye a gefe tana jera kati. Ta ce a hankali, "Ranka ya daɗe, akwai ɗakunan gwaji a Kano da suke karɓar jinin."

Ya juya ya kalle ta, ta koma kan jera katinta. Abin ya sosa masa rai, ga mara lafiya tana koya masa aiki, ga ma'aikaciyarsa tana taya ta. Littafin da ya yi bayanin ciwon yana cikin kabad a bayansa, minti biyar ya isa ya duba. Bai duba ba. Ya fizgi takarda ya rubuta, ya ce, "To tunda kin dage. Ki daina cin alkama gaba ɗaya wata uku, cikinki ya wanke, sannan ki je a ɗebi jinin. Mu ga ƙarshen magana."

Rauda ta bi umarninsa sau da ƙafa. A cikin wata ukun nan kumburin ya sauka, ta fara cika fuska. Aka ɗebi jini aka kai Kano. Sakamako ya dawo yana cewa ba a ga alamar ciwon ba.

Ranar da suka kawo takardar, Dakta Maharazu ya ɗaga ta sama yadda kowa a ɗakin zai gani. Ya ce, "To, ga rediyo ga likita." Rauda ta ce, "Amma Likita, ai na ji sauƙi da na bari." Ya ce zuciyarta ce ta raya mata. Sannan ya sa ta jira a waje, ya riƙe Dalhatu.

"Malam Dalhatu, zan gaya maka gaskiya a matsayin ɗan'uwa. Matarka ƙalau take. Tunani ne da son a lallaɓa ta. Kana noman alkama, matarka tana yawo tana cewa alkama guba ce, me mutane za su ce? Ta koma ta ci abin da kowa yake ci, kuma ka rage biye mata."

Dalhatu mutum ne mai girmama masu ilimi. Ya koma gida da maganar likita kamar an sassaƙa masa a dutse. Rauda ta koma cin gurasa da taliya, don duk ranar da ta ture kwano sai an ce ta fara. In ta ce cikinta, sai ya ce, "Likita fa ya ce ƙalau kike." Daga baya ta daina faɗa. Ta daina zuwa asibitin ma. Dakta Maharazu ya lura katinta ya daina fitowa, ya ɗauka ta warke daga rigimarta.

Wata bakwai ya wuce. Wata safiya ta Litinin, layi ya cika har baranda, sai Dalhatu ya shigo shi kaɗai. Bai zauna ba, bai kuma yi doguwar gaisuwar da ya saba ba. Ya ajiye ambulan a kan tebur.

"Likita, an ce in kawo maka wannan."

"Ina Malamar?"

"Tana gida. Kwananta goma sha ɗaya a babban asibiti a Kano. Faɗuwa ta yi a gaban ɗalibanta. Tana da ciki wata uku, ya zube. Leda biyu ta jini aka ƙara mata."

Dakta Maharazu ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya buɗe ambulan ɗin. Wasiƙa ce daga wata ƙwararriyar likitar ciki da hanji, an rubuta ta da ladabi, babu zagi ko habaici. Ta ce mara lafiyar ce da kanta, tana kwance a gado, ta roƙi a sake yi mata gwajin siliyak, ta kuma nuna littafin da take rubuta abincinta. Tunda wata bakwai tana cin alkama, aka ɗebi jini nan take, alamar ta fito sarai. Aka zura mata siririyar kyamara ta baki, aka ɗebo ɗan tsokar hanji aka duba, an samu hanjin ya lalace har ba ya iya tsotse amfanin abinci. A ƙasa ta ƙara layi biyu: gwajin farko ba abin dogaro ba ne, domin an yi shi bayan ta yi wata uku ba ta cin alkama, kuma wannan gwajin ba ya nuna ciwon sai mutum yana kan ci.

Ya karanta layin nan biyu sau uku. Halimatu Sa'adiyya tana tsaye a inda ta saba tsayawa, ta kawar da kai tana kallon bango, kuma wannan kawar da kan ya fi masa zafi a kan a ce ta yi magana.

Dalhatu ya ce, "Likitar can ta tambaye ni wa ya ce ta daina ci kafin gwaji. Ban faɗi sunanka ba sai da ta ce wasiƙa za ta rubuta. Na tambaye ta ko ciwon ne ya zubar da cikin. Ta ce ba za ta rantse ba, amma yana jawo hakan." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni abin da ya fi damuna, Likita, wata bakwai matata tana murƙususu a gabana ina ce mata ƙarya take. Da bakina. Saboda kai ka ce."

Dalhatu ya yi sallama ya fita.

A ranar nan da ƙyar ya gama duba mutane. Da layi ya ƙare ya rufe ƙofa, ya ciro littafin nan daga kabad, ya kaɗe ƙura. Maganar tana nan a sakin layi na farko na bayanin gwajin, ba a ɓoye take ba: kada mara lafiya ya daina cin alkama kafin a ɗebi jini. Ya zauna da littafin buɗe a cinyarsa har aka kira la'asar.

Kwana huɗu yana ɗaukar mukullin mota yana ajiyewa. Ya yi tunanin aika Halimatu Sa'adiyya. Ya yi tunanin kiran waya. A rana ta biyar, bayan sallar Juma'a, ya bi hanyar da ta ratsa gonakin albasa har ƙauyen, ya tsaya a ƙofar gidan Dalhatu ya yi sallama. Dattawan da ke zaune a gindin darbejiya suka miƙe suna "Sannu da zuwa, Likita, sannu da ƙoƙari." Kowace sannu sai ya ji kamar an ɗora masa dutse.

Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Rauda ta fito a hankali, hijabi ya yi mata yawa, ta zauna daga nesa ta gaishe shi kamar yadda ta saba.

Ya ce, "Malama, ba duba ki na zo yi ba. Na zo neman gafara. Kin zo mini da gaskiya a rubuce, ko karɓa ban yi ba. Umarnin da na ba ki kuskure ne, ban sani ba, kuma girman kai ya hana ni dubawa. Abin da na gaya wa mijinki a kanki ƙarya ne. Ina so ya ji daga bakina."

Dalhatu yana tsaye a bakin ƙofa, kansa a ƙasa.

Rauda ta ɗago ta dube shi. Can ta ce, "Likita, cikin da ya zube Allah bai ƙaddara zai zauna ba, na bar wa Allah. Rashin sani kuma kowa yana yi, ni ma nakan yi a gaban allo. Amma da cewa ka yi, 'Malama, ban sani ba, je ki Kano,' wallahi da har gobe ina yi maka addu'a. Ciwon na iya jurewa. Abin da ya karya ni, in ce ina jin ciwo a cikin gidana a kalle ni kamar maƙaryaciya."

Ya kasa ɗaga ido. Ya ce, "Haka ne."

"Na yafe maka. Allah ya yafe mana gaba ɗaya." Ta gyara zama. "Amma akwai alfarma. Likitar Kano ta ce ciwon yana bin jini, a gwada 'yan'uwana. Ƙanwata Mubina ita ma kullum jininta ƙasa yake. Zan turo ta wurinka ka rubuta mata."

Ya ɗago da mamaki. "Wurina? Bayan abin da na yi?"

"Kai ne a kusa da mu, Likita. Ba kowa ne zai iya zuwa Kano ba. Kuma yanzu ka sani."

Ranar Litinin Mubina ta zo. Kafin ya rubuta komai sai da ya tambaye ta ko tana cin gurasa da biredi, ya ce ta ci gaba har a ɗebi jini. Da ta fita ya kira Halimatu Sa'adiyya, ya ba ta haƙuri ita ma, ya ce ta fito masa da katin duk wanda ya yi ta zarya da gudawa da ƙarancin jini ba a gano dalili ba. Ta kawo guda tara. Ya zauna ya kira su ɗaya bayan ɗaya da wayarsa, kowanne yana fara masa da cewa, "Dakta Maharazu ne. Ina jin akwai abin da na tsallake a kanka." Rauda kuwa ta bar alkama har abada, ta koma tuwon dawa da shinkafa da masara, cikin shekara guda jikinta ya dawo. Amma ko bayan shekaru, idan suka haɗu a kasuwar Kura ta gaishe shi, likitan yakan amsa ne idonsa a ƙasa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, girman kai rawanin tsiya ne, kuma ya fi muni a kan wanda mutane suka damƙa wa lafiyarsu. Ilimi komai yawansa yana da iyaka, kuma faɗin "ban sani ba, bari in duba" ba ya rage wa kowa daraja. Rashin ganin abu ba hujja ba ce cewa babu shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka a saurari mara lafiya, kada a ƙaryata shi a gaban iyalinsa. Kai kuma mara lafiya, idan jikinka ya ci gaba da gaya maka akwai matsala, ka nemi gwajin da ya dace cikin ladabi, ka tambayi yadda ake yinsa daidai, in an ƙi ka nemi wani likitan. Neman ra'ayi na biyu ba raini ba ne, kula ce da amanar da Allah ya ba ka.