Rabin Takardar Ihsan

Akwai wani malami a Tumfure, can inda sababbin gidaje ke cin karo da gonaki, sunansa Malam Bamanga. Shekara tara ya yi yana koyarwa a wata 'yar makaranta mai aji uku, wadda makiyayan wajen suka haɗa hannu suka gina wa 'ya'yansu. Rufin kwano ne, allon kuwa bango ne aka shafa wa baƙin fenti.

Sai gari ya taso ya iske su. Yau a haƙa harsashi a nan, gobe a ja katanga a can, har shanu suka rasa hanyar zuwa ruwa. Makiyaya suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kwashi yaransa. Ranar da aka rufe makarantar, yara shida ne suka rage.

Cikin shidan nan har da 'yarsa Ihsan, mai shekara shida, wadda ta shiga aji ɗaya a hannunsa. Mahaifiyarta ta rasu shekara guda kafin nan. Da aiki ya tafi, abinci ya fara wuya, sai ya ɗauke ta ya kai ta Dukku wajen yayarsa Jumma. A bakin ƙofa ya durƙusa ya ce mata, "Da na samu aiki zan zo in ɗauke ki."

Wata takwas suka wuce, aiki bai samu ba.

Jama'a, kaɗaici ba sai a daji ba. Maƙwabtan Malam Bamanga na yanzu duk masu dogayen katangu ne, su fito a mota su koma a mota, babu wanda ya san sunansa. Idan ya ɗora tukunya, hannunsa shinkafar mutum biyu yake aunawa, sai ya zuba ya tuna. Kullum sai rabin shinkafar ya kwana. Silifas ɗin Ihsan na bayan ƙofa inda ta bar su, ya kasa ɗaukewa, sai dai ya share gefensu.

Duk Juma'a yakan kira wayar Jumma. Da farko Ihsan na karɓa za ta ce, "Baaba, ka samu?" Ya ce, "Saura kaɗan." Daga baya sai ta daina tambaya. Ta gaishe shi kawai ta miƙa wa goggonta waya. Wannan shirun ya fi tambayar yi masa ciwo.

Wata rana ya haɗu da Rufa'i, wanda suka yi kwalejin horar da malamai tare. Rufa'i ɗan gari ne, mai son ado, ƙamshin turarensa kan riga shi isa wuri. Shi ya ba shi labari cewa wata makarantar kuɗi a unguwar Arawa tana neman malamin aji ɗaya, kuma shi ma zai nema.

"Amma ka ji sharaɗi," in ji Rufa'i. "Ba takardar NCE kaɗai suke so ba. Sun ce kowa ya zo da fotfoliyo."

"Mene ne shi?"

Rufa'i ya yi dariya. "Ka daɗe cikin shanu, Malam. Fayil ne da zai nuna aikinka: tsarin darasinka, hotunan ajinka, aikin ɗalibanka. Kada ka damu. Akwai mai shagon kwamfuta a unguwar Hammadu Kafi, minti talatin ya gama maka."

Washegari suka je. Mai shagon, Ɗan'azumi, ya san sana'arsa. Ya buɗe kwamfuta ya nuna musu shafi bayan shafi: tsarin darasi da Turanci mai santsi, takardun yabo, da hoton wani aji mai tayil da farin allo, yara cikin yunifom kowa na murmushi. Suna kawai ake canjawa a bango.

Aka buga na Rufa'i, aka lulluɓe kowane shafi da leda, yana ta ƙyalli. Sai Ɗan'azumi ya rubuta sunan Bamanga a saman wani.

Ba zan ɓoye muku ba, zuciyar Malam Bamanga ta so abin. Ya tuna muryar Ihsan a waya, ya ce a ransa ai kowa haka yake yi. Har ya buɗe baki zai ce a buga, sai idonsa ya faɗa kan wata yarinya a cikin hoton, a benci na gaba, ta ɗaga hannu.

"Wannan yarinyar, yaya sunanta?"

Ɗan'azumi ya dube shi. "Malam, hoton intanet ne. Ko ƙasar da take ban sani ba."

"To idan aka ce mini wace ce ita, me zan ce?"

"Wa zai tambaye ka?"

Malam Bamanga ya kau da kai daga hoton. A shekara tara bai taɓa tsayawa gaban yaron da bai san sunansa ba, bai san sunan ubansa ba. Ya ce a goge sunansa daga wurin. Ya sa aka yi masa kwafin takardar NCE, ya sayi fayil na kwali wanda babu komai a ciki.

Rufa'i ya kaɗa kai. "Wallahi taurin kanka ne zai kashe ka. Me za ka zuba a ciki, ciyawa?"

A cikin adaidaita sahu, duk tsawon hanyar Tumfure, Malam Bamanga yana riƙe da fayil ɗin yana jin kamar ya yi wauta. Ya yi tunanin ko ya sayar da dawowar 'yarsa ne saboda yarinyar da ba ta ma san da shi ba.

Da ya isa ɗaki bayan la'asar, ya jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A nan abin da ya mallaka na shekara tara yake.

Yana da wata ɗabi'a da babu wanda ya koya masa. Ranar farko ta shekara yakan ba kowane yaro takarda ɗaya, ya ja layi a tsakiya, ya ce ya rubuta sunansa a sama. Wani ya yi kwana-kwana, wani ya zana saniya, wani ya huda takardar da fensir. Malam ya karɓa ya ajiye. Ranar ƙarshe ta shekara ya fito da ita, yaro ya sake rubuta sunansa a ƙasa, da duk abin da ya ga dama. Sai ya nuna wa yaron sama da ƙasa, su yi dariya tare.

Kwana uku ya yi yana zaɓe. Takardun sun yamutse, wasu da tabon mai, wasu gara ta ɗanɗana gefensu. Ya hura gawayi a dutsen guga, ya shimfiɗa tsumma a kansu, ya goge su ɗaya bayan ɗaya kamar kayan sallah. Yana gogewa yana kiran sunayensu a fili, shi kaɗai a ɗaki. Yawancinsu bai san inda suke ba yanzu.

Ya haɗa da tsofaffin littattafan tsarin darasinsa. A gefen shafukan akwai abin da yakan rubuta wa kansa bayan an tashi. Wani wuri ya ce, "Yau ba su gane ba, laifina ne. Gobe in zo da tsakuwa." Ya so ya yage waɗannan don kunya, sai ya ga idan ya yage, darasin ma zai tafi. Ya bar su.

Can ƙasan akwatin ya ci karo da takardar Ihsan. A sama ta rubuta sunanta, harafin S ya juya baya. Ƙasa fari tas, don shekarar ba ta kai ƙarshe ba. Ya daɗe yana kallonta. Bai yi niyyar nuna wa kowa ba, amma ya kasa mayar da ita akwati ita kaɗai, sai ya sa ta a ƙarshen fayil.

Ranar intabiyu mutum bakwai ya tarar a kan benci, kowa da fayil mai ƙyalli a cinya. Babu wanda ya matsa masa, sai ya tsaya a jikin bango. Rufa'i ya leƙa nasa ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Malam, takardun gado ka kawo mana?" Aka yi dariya. Malam Bamanga ya yi murmushi, ya ƙara rungume fayil ɗinsa.

Mutum biyu suka shiga suka fito, sai aka kira Rufa'i. Ya shiga da taku. Ko minti biyar bai yi ba ya fito yana share goshi. Da ya zo wucewa ya ce ƙasa-ƙasa, "Matar nan ba ta karanta fayil. Tambaya take yi." Bai tsaya ba.

Malam Bamanga ne na ƙarshe. Shugabar makarantar, Hajiya Nana Hadiza, dattijuwa ce mai tabarau, ta tsufa a cikin aji. A gefen teburinta fayil uku ne a buɗe, an jera su kusa da juna. Duk ukun hoto ɗaya ne, yarinyar nan ta benci na gaba tana nan da hannunta a sama.

Hajiya ta ga inda yake kallo. Ta ce, "Wannan yarinya ta yi sa'ar malamai. Uku ta samu yau, kuma babu wanda ya san sunanta. Kawo naka, Malam."

Ita haka take yi. Ba ta farawa daga shafin farko. Ta buɗe tsakiya, ta ɗora yatsa. "Wane ne wannan?"

"Abdulgafar ne, Hajiya. Bahago ne. A gida ana dukan hannun, shi ya sa rubutun sama ke rawa. Sai da na je har ruga sau uku na roƙi mahaifinsa ya ƙyale shi. Na ƙasa da hagu ya yi shi."

Ta sake buɗe wani wuri. "Wannan fa, da ta zana saniya?"

"Bilkis. Ba ta jin Hausa da ta zo, sai Fulatanci. Wata biyu ba ta ce uffan a aji ba. Da sunayen shanunsu na fara koya mata ƙirga."

Hajiya ta ɗauki littafin tsarin darasi, ta karanta rubutun gefe. Malam Bamanga ya sunkuyar da kai.

"Kuma ka zo da tsakuwar?"

"Na zo da ita."

"Sun gane?"

"Goma sha ɗaya sun gane. Huɗu sai da muka ƙara sati."

Ta ci gaba da buɗewa, ba ta yi sauri ba, har ta kai shafin ƙarshe. Ta duba sama, ta duba ƙasa. "Wannan me ya sa rabi ce?"

Duk amsoshin baya sun zo masa da sauƙi, wannan ta maƙale. Da ƙyar ya ce, "'Yata ce. An rufe makaranta kafin shekara ta ƙare. Tana Dukku wajen yayata. Na ce mata da na samu aiki zan ɗauko ta." Sannan ya ƙara, "Ta daina tambayata."

Hajiya ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta rufe fayil ɗin a hankali ta miƙa masa da hannu biyu.

"Litinin za ka fara. 'Ya'yan malamanmu a nan suke karatu. Ka je ka ɗauko ta, Malam, ni ba na son aiki rabi a makarantata."

Asabar da safe ya hau motar Dukku. Da ya yi sallama, Ihsan ba ta rugo ba. Ta laɓe a bayan zanin goggonta tana leƙensa. Sai can ta ce, "Baaba, kwana nawa za ka yi?"

Ya durƙusa a daidai inda ya durƙusa wata takwas da suka wuce. "Ba zan kwana ba. Tare za mu tafi. Na samu."

Ihsan ta saki zanin goggonta. Ta shiga ɗaki ta fito da jakarta, Jumma na kallo tana share hawaye da gefen mayafi. Ashe jakar a haɗe take tuntuni, ba ta taɓa yarda an kwance mata ita duka ba.

Ranar nan da yamma a Tumfure ya auna shinkafar mutum biyu, kuma ba ta kwana ba.

Rufa'i kuwa, bayan wasu watanni ya zo har gida, babu taku, ya ce a nuna masa yadda ake ajiye aikin yara. Malam Bamanga ya jawo akwatin ƙarfe ya nuna masa, bai tuna masa da maganar gado ba.

Ranar ƙarshe ta shekara, a ajin Arawa, ya raba wa yara takardunsu. Ta ƙarshe ta fi saura tsufa, akwai shaidar dutsen guga a gefenta. Ihsan ta karɓa, ta kalli harafin da ya juya baya, ta yi dariya. Ta sunkuya ta rubuta sunanta a ƙasan layi, miƙe sambal. Sannan ta ƙara kalma uku da babu wanda ya ce ta rubuta: "Baaba ya samu."

Darasi: Kada ka ari aikin wani ka manna sunanka, domin tambaya ɗaya ta isa ta tona ka. Ɗan abin da ka yi da hannunka da gaskiya, ko ya tsufa ko ya yamutse, shi ne zai tsaya maka ranar da ba ka da kowa. Malamai, ku riƙa ajiye aikin ɗalibanku, ku san sunayensu. Ku tura wannan labari ga duk malamin da ke neman aiki, ko wanda ya fara gajiya da jira, ya san Allah bai manta da shi ba.