Masunci da Ƙugiya Mai Baki Uku

Akwai wani masunci da ke zaune a bakin wani babban kogi, shi da matarsa. Wata rana ya dawo daga kasuwa da ɗan kifin roba mai ƙyalli, irin wanda ake ja a ruwa manyan kifaye su zaci na gaske ne su kai masa cafka. A jikin kifin robar an rataya ƙugiya mai baki uku. Mutumin nan sai murna yake, wai duk ta inda kifi ya ɓullo ya shiga hannu.

To, masuntan wannan kogi suna da al'adarsu: in sun jawo giwan ruwa, ba sa amfani da komai, hannu suke cusawa a bakinsa su kama leɓen, su ɗago shi cikin jirgi. Matar ta san haka. Ta juya ƙugiyar, ta ce in baki ɗaya ya shiga kifi, sauran biyun wa suke jira? Ya ce mata ita bandar kifi kawai ta sani, ta bar masa sha'anin ruwa. Kun dai san irin mutanen nan, a gaya musu gaskiya su ce an raina su.

Ba ta yi musu ba. Da gari ya waye ya nemi filafilin jirginsa ya rasa, ashe tana zaune a kai.

Ta ce, "Maigida, ka yi haƙuri. Hannun nan naka shi muke ci, shi muke sha. Ka sa mai baki ɗaya, in tashi."

Ya yi faɗa har ya gaji. Daga bisani ya ɗauko filaya, ya buɗe zoben da ke riƙe da ƙugiyar, ya cire mai baki uku ya sa mai baki ɗaya, yana ta gunaguni. A ruwa kuwa kifaye suka yi ta kai cafka suna kuɓucewa, kowanne ya tsere sai ya ƙara jin haushin matarsa.

Rana ta yi tsaka, sai wani ƙaton giwan ruwa ya haɗiye kifin robar. Da ƙyar ya jawo shi gefen jirgi, ya sunkuya ya cusa hannu a bakinsa kamar yadda ya saba. Kifin ya yi wata irin fizga, ya rufe baki, ya nutsa. Mutumin ya ji ƙarfe ya goge masa tafin hannu har zuwa yatsu, sa'an nan hannun ya fito. Igiya ta tsinke, kifi ya tafi.

Ya zauna yana duban hannunsa. Ko ƙwarzane babu. Bakin ƙugiya ɗaya ne, kuma yana can a nutse cikin muƙamuƙin kifi. Da mai baki ukun ce, da an ɗinke shi da kifin, sun gangara ƙasan kogi tare. Ya yi ajiyar zuciya, ya gode wa Ubangiji da hawaye, ya koma gida jirginsa wayam, amma bai taɓa jin daɗin isa gida kamar ran nan ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, ƙaunatattu: ƙugiya mai baki uku zuciya ce mai son kama ko'ina. Baki ɗaya wajen Allah, ɗaya wajen boka, ɗaya wajen abin duniya, wai don kada a yi asara. Mai baki ɗaya kuwa zuciya ce da ta riƙe Ubangiji shi kaɗai. Ba zan ruɗe ku ba, mai irin wannan zuciya zai ga wasu abubuwa suna kuɓuce masa, har ya ji haushin wanda ya yi masa gargaɗi. Ku bar su su tafi. Bakunan nan da kuka bari a buɗe don ko-ta-kwana ba kifi suke jira ba. Ran da wahala ta yi fizga, ku za su kama.