Jijiyar Da Aka Sassauta

Akwai wani mutum mai ɗaurin jinka, wanda duk abin da ya ɗaure sai da wuƙa ake kwancewa. Haka yake da igiya, haka yake da mutanen gidansa. Da ya manyanta, gwiwarsa ta dama ta cinye, ƙafar ta lanƙwashe kamar baka, har tsayuwa ta gagare shi. Abin ya ci masa rai ƙwarai, gama bai saba a kama shi a tayar ba.

'Ya'yansa suka kai shi asibiti a sa masa gwiwar ƙarfe. Kafin aiki, likitar, wata mai suna Keziya, ta nuna masa cewa jijiyoyi biyu ne ke riƙe gwiwa, ɗaya ta ciki, ɗaya ta waje.

Ya ce, "To, 'yata, ki ja su tamau. Ba na son aikin sako-sako."

Bayan aiki ya tambaye ta, "Kin ja su?"

Ta ce, "A'a, Baba. Ta cikin ma sassauta ta na yi."

Ransa ya ɓaci, ya juya fuska bango. Ita kuwa ta ce, "Shekaru da yawa ta ciki tana ja ita kaɗai, har ta waje ta saki. Da na bar ta haka, ƙarfen zai karkace, ka koma inda ka fito. Sauko da ƙafar."

Ya sauko da ita yana gunaguni, ya taka a hankali. Gwiwar ba ta goce hagu ko dama ba. Ya tsaya da ƙafafunsa, hawaye ya zubo masa.

Ma'anar wannan misali ita ce: gwiwar ƙarfe sabuwar zuciya ce da Ubangiji yake bayarwa kyauta. Jijiyoyin biyu kuwa gaskiya ce da jinƙai. Wasunmu sun ja gaskiya har jinƙai ya saki, suna kuma kiran wannan tsoron Allah. Kai da in ka yi gyaran murya a ƙofar gida yara suke daina dariya, da kai nake. In Ubangiji ya sa hannu ya sassauta ka, kada ka ce ya raunana ka. So yake ka tsaya, gidanka kuma ya tsaya tare da kai.