Hannun da Auta Ya Miƙa Baya

Akwai wani mai aski da yake da ƙane, autan gidansu, wanda aka haifa da lalurar jinkirin fahimta. Shekarar Auta ashirin, amma igiyar takalmi sai an ɗaura masa. Shi kuwa mai aski ɗan gayu ne, irin masu duba madubi kafin su amsa sallama, kuma ba abin da ya tsana kamar a gan shi da ƙanensa.

Wata ƙungiya mai shirya wasanni ga masu irin wannan lalura, irin waɗanda ake ta buɗewa yanzu ƙasa-ƙasa, ta zo unguwarsu. Matar da ke horar da su, wato koci, ta gano Auta akwai gudu. Ta sa shi a tseren miƙa sanda, inda ake haɗa kowane ɗan wasa da ɗan'uwansa. Mahaifiyarsu ta roƙi mai aski har da hawaye ya zama abokin gudun Auta, ya amsa don kunyarta, ba don Allah ba.

Matsalar Auta ita ce waiwaye. Sai da koci ta yi wata da watanni tana nanata masa: "Miƙa hannu baya. Kada ka waiwaya, kada ka motsa, sai Yaya ya sa maka sanda." Da maganar ta zauna masa, ta zauna daram.

Ranar gasa, waɗanda suka ci za su wuce babbar gasa. Mai aski ne zai fara gudu. Yana tsaye da sanda ya hango abokan hirarsa na shago sun ɗaga wayoyi, ɗaya yana ihun "mai askin gaulaye". Ana busa usur ya ajiye sandar a ƙasa, ya sulale ta ƙofar baya.

Auta bai gani ba, ai ya ba shi baya. Aka wuce shi, aka gama tsere, aka raba lambobin yabo, yana nan tsaye hannu a baya. Koci ta lallashe shi, ya ƙi. Sai da mahaifiyarsa ta ɗauko sandar ta sa masa, sannan ya zura da gudu shi kaɗai a filin da kowa ya watse.

A gida tambaya ɗaya ya yi: "Yaya, faɗuwa ka yi?" Mai aski ya ce e. Wallahi wannan ƙaryar ta fi min ciwo. Da babu abokin gudu, aka ba wani gurbin Auta a ƙungiyar, takalmansa suka koma ƙarƙashin gado.

Bayan shekara mota ta buge mai aski a kan babur, ƙafarsa ta dagargaje. Abokan shago suka zo dubiya sau ɗaya. Auta ne mai kai shi ban ɗaki.

Ranar da likita ya ce ya gwada takawa, Auta ya wuce gabansa a barandar asibiti, ya juya masa baya, ya miƙo hannu. Mai aski ya ce masa ya je ya zauna.

"A'a. Ka sake faɗuwa ne, Yaya. Ina jiranka."

Mai aski ya jingina da bango yana kuka. Ya san wannan ƙafar ta gama gudu har abada.

Darasi: Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kada dariyar abokai ta sa ka juya wa naka baya, domin ranar da za ka so ka gyara, mai yiwuwa ƙafar ba ta nan. Ku tura wa duk mai ɗan'uwa irin Auta.