Yadda Gidan Gizo Ya Gaji Sunan Sarki a Ingila

Ga ta nan, ga ta nan gare ku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To, bismillahi. Wata shekara fari ya tsananta, Gizo ya kwashi matarsa Ƙoƙi da 'ya'yansu suka ƙetare teku, har Allah ya kai su wani ƙauye a ƙasar Ingila, inda ruwan sama ba ya gajiya da sauka.

Mutanen ƙauyen nan suna da wata al'ada. Mu a nan nasabarmu ta uba ce, a ce wane ɗan wane. Su kuwa kowane gida yana da laƙabi guda wanda zuriya ke gado kamar gadon gona. Wanda kakansa ya yi ƙira, gidansa Simit ne har abada, ko da jikan bai taɓa ɗaga masaba ba. Wanda kakansa ya gasa burodi kuwa, gidansa Beka.

'Ya'yan Gizo suka fita wasa, aka tambaye su ko 'yan wane gida ne, da aka ga ba su da laƙabi, aka koro su suna kuka.

Ƙoƙi ta ce, "Maigida, ka nemo wa yaran nan suna, tun kafin a laƙa musu wanda ba ma so."

Gizo ya ce, "Zuba ido. Sunan da zan kawo, sai kin gyara ɗaurin zane kafin ki ambace shi."

Ya tafi maƙerar Bijimi, ya ce, "Sannu da aiki, Simit. Da me ake samun suna irin naka?" Bijimi ya ce, "Da zugazugi. Zauna ka hura." Gizo ya fara hurawa, tartsatsi ya sauka masa a ƙafa. Ya miƙe ya ce, "Wannan suna yana da zafi, ga ni da ƙafa takwas, kowace na jiran rabonta."

Ya tafi wurin Agwagwa mai burodi, ya yi mata tambayar. Ta ce, "Da kwaɓa ƙullu tun kafin alfijir." Gizo ya ce, "Ki riƙe kwaɓin, a bar ni da ɗanɗanawa." Ta rako shi da muciya har bakin hanya.

Ya tafi wurin Tunkiya masaƙiya. Ta ce, "Kai da aka haifa da zare a ciki? Zauna ka yi saƙa, kafin lokacin kaka sunanka ya zauna." Gizo ya ce, "Baiwar Allah, na ƙetare teku ne don in koma sana'ar tsohona?"

Da kaka ta yi, aka taru a dandali domin bikin girbi, mai kama da kalankuwarmu. Aka kitsa kambin ciyawa, sai tsohuwar gari, Mujiya, ta yi shela cewa za a naɗa sarkin wasa, kuma wanda aka naɗa, laƙabin Sarki zai bi gidansa, abin da suke ce wa Kin da harshensu.

Tari ya kama Bijimi. Agwagwa ta tuna ta bar burodi a tanderu. Tunkiya ta duƙufa neman allurar da ba ta ɓata ba. Gizo ya yi tsalle ya dira tsakiyar fage.

Ƙoƙi ta jawo rigarsa, ta ce, "Maigida, abin da gari duka ya guda, a tambayi dalili."

Ya ce, "Dalilin a fili yake, ba su da jinin sarauta."

Mujiya ta ce, "Baƙo, ka yarda, kai da zuriyarka?"

Ya ce, "Na yarda, har a madadin waɗanda ba a haifa ba."

Aka ɗora masa kambi, aka hawar da shi kan jaki, gari duka ya biyo shi gida, kowa riƙe da akushi. Gizo ya raɗa wa Ƙoƙi, "Kin gani ko? Tun yau an fara kawo gaisuwa." Ya leƙa akushin Bijimi, wayam. Ya leƙa na Agwagwa, wayam. Ya leƙa na Tunkiya, ita har da ludayi biyu ta zo.

Mujiya ta ce, "Ranka ya daɗe, gidan Sarki shi ke ciyar da gari ranar biki, bana da baɗi da kowace shekara. Waɗanda suka riƙe sunan kafin ku, hijira suka yi."

Gizo ya ce, "To, a sauke ni, na yi murabus."

Ta ce, "A ƙasar nan suna in ya zauna ba ya tashi. Jikokinka ma da shi za a kira su, da akushi za a iske su."

Gizo ya ce, "Madalla. Ku ɗan jira in duba tukunya." Ya shige ɗaki, ya haye bango, ya lafe a kusurwar rufi. Jama'a suka yi ta sallama, har Ƙoƙi ta fito ta ce, "Ku yi haƙuri, mai martaba ya shiga halwa." Halwar nan kuwa har yau bai fito ba.

Jikokina, darasin shi ne, kowane suna da kayansa a kai. Kada ku karɓi girman da ba ku tambayi nauyinsa ba, domin laƙabin da gumi ya kawo gado ne ga zuriya, wanda kwaɗayi ya kawo kuwa jarrabawa ce gare su.

Ƙungurus kan kusu. Abin da na ƙara a ciki, Gizo ya ɗauka, Allah ya gafarta mana.