Malam Ilu Mai Baƙin Hannu da Ɗalibansa Biyu

A zamanin da, can cikin wata ƙasa mai yawan kasuwanni da karofi, an yi wani Sarki ana ce da shi Mamuda. Mutum ne mai son talakawansa, mai kuma son in ya ce a yi abu a yi shi yadda ya ce. Wata shekara ciwon ciki ya yawaita a ƙauyuka, masu magani suka ce daga ruwa ne. Sarki ya sa aka rubuta wa dagatai duka takardu, cewa kowane gari a yashe rijiyoyi, a kwashe laka da ƙazanta, a ɗaure musu baki da itace tun damina ba ta faɗi ba.

Bayan wata guda Sarki ya fita rangadi. Da ya isa wani ƙauye wai shi Tungar Kalgo, sai ya tarar an rufe rijiyoyin garin da ƙaya, mata suna ta jigilar ruwa daga ragowar wani tafki inda shanu ke sha. Ya sa aka kira dagaci, wani ƙaton mutum mai suna Nomau, ya tambaye shi dalili.

Nomau ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ai umarninka muka bi. Manzo ya ce ka ce a yashe rijiyoyi, mu kuwa muka yashe su, ko kallonsu ba mai yi."

Sarki ya ce, "To ina takardar da na aiko da ita?"

Nomau ya buɗe wuyan riga ya nuna wata sabuwar laya, ya ce, "Ga ta nan, na sa baduku ya ɗinke mini ita da jar fata. Tun da na rataya ta ko mura ban yi ba."

Sarki ya rasa abin yi, ko dariya ko faɗa. Da ya koma gida ya bincika, sai ya iske a duk faɗin ƙasarsa masu iya karanta takarda ba su kai hamsin ba, su ma yawancinsu a gidaje uku na cikin birni suke. Nan take ya sa aka yi shela, cewa duk wanda ya san maganin wannan duhu ya zo fada.

To, a unguwar marina akwai wani mutum ana kiransa Malam Ilu Mai Baƙin Hannu. Ɗan marini ne, tun yana ƙarami shuni ya kama hannuwansa. Ran da ubansa ya kai shi zauren wani babban malami, sai malamin ya dubi hannun nan ya ce kada ya ɓata masa littattafai, ɗan marini ya koma rini. Abin ya tsaya wa Ilu a rai. Da ya tasa sai ya bi ayarin fatake ya yi gabas, ya shekara goma sha bakwai yana neman ilmi, da rana rini, da safe da yamma karatu. Ya dawo gida da littattafai mangala biyu da mata guda, sunanta Yalwa, wadda ya koya wa karatu har ta fi shi kyan rubutu. Bai nemi zaure ba. A gindin wata ceɗiya bakin karofi ya shimfiɗa buzunsa, ya ce duk mai so ya zo, marini ne ko mahauci, yaro ne ko tsoho. Yana koya musu abin da za su gyara sallarsu, yana kuma koya musu rubuta harshen da suka tashi da shi.

Da Malam Ilu ya ji shela, ya wanke hannu iyakar wankewa, shuni ya ce ina nan. Ya sa rigarsa ta Jumma'a ya nufi fada, ko da yake bai taɓa tsayawa gaban Sarki ba.

Ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, maganin abu ne mai sauƙi, sai dai yana son haƙuri. A buɗe wa kowa ƙofar karatu, maza da mata, birni da ƙauye."

Wazirin wannan Sarki, Haladu, malami ne na gaske, amma duk takardar da za ta shiga fada ko ta fita sai ta bi ta zaurensa, kuma yana jin daɗin haka ƙwarai. Ya gyara zama ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a ba ni izini in yi wa baƙon malamin nan tambaya uku." Sarki ya yarda.

Waziri ya ce, "In kowa ya zama malami, wa zai yi mana noma, wa zai yi fawa?"

Malam Ilu ya ce, "Ranka ya daɗe, kowa a garin nan yana alwala, amma har yau liman guda ne a masallacin Jumma'a."

Waziri ya ce, "To, tsofaffi fa? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Amma ni ba tanƙwarawa na zo yi ba, wuta na zo kunnawa. Busasshen icce kuwa shi ya fi saurin kamawa."

Fadawa suka fara murmushi. Waziri ya ɗaure fuska ya ce, "Mace kuma me za ta yi da karatu?"

"Ranka ya daɗe, duk yaran gida daga randa guda suke sha. In randa ba ruwa, me moɗa za ta ɗebo?"

Sarki ya yi dariya ya ce, "Waziri, tambayoyinka sun ƙare."

Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, faɗa da baki ba wuya. A gwada shi. Ni zan zaɓa masa ɗalibai biyu, a ba shi wata uku. In sun karanta takarda a gabanka, na yarda. In sun kasa, a naɗe buzunsa ya bar ƙasar nan, don kada ya riƙa ruɗin talakawa."

Sarki ya dubi Malam Ilu. Malam ya tuna da ceɗiyarsa da ɗalibansa talatin, sa'an nan ya ce ya yarda. Waziri ya zaɓi Nomau dagacin nan na Tungar Kalgo, sa'an nan ya zaɓi wata tsohuwa mai sayar da daddawa a bakin kasuwa, ana ce da ita Iya Tabawa, wadda ta ba shekara saba'in baya, kuma duk garin an san ba a cin ta da magana.

Da Malam ya je wurinta ya faɗa mata, sai ta ce, "Ɗan nan, ni da haƙorana huɗu za ka kai makaranta? To, in dai ba bulala, mu je. Na ga abin da ya fi wannan."

Ba a yi kwana uku ba Waziri ya fara dabarunsa. Ya aika wa Iya Tabawa cewa fada na bukatar daddawa kwando ashirin, don kada ta sami lokacin zuwa gindin ceɗiya. Shi kuwa Nomau, Waziri ya sauke shi a gidansa, kullum hantsi a kawo masa tuwon shinkafa da miyar taushe da ƙwaryar fura, har in ya zo wurin karatu, kafin a kai baƙi na uku ya fara munshari.

Malam Ilu ya koma gida ya zauna ya yi tagumi. Yalwa ta ce, "Malam, lafiya?" Ya kwashe labari ya faɗa mata. Ta ce, "Wannan ne ya hana ka cin abinci? In Iya ba ta iya zuwa makaranta, ai makaranta tana da ƙafa. Bar ni da ita."

Kashegari Yalwa ta ɗaura zane ta shiga gidan Iya Tabawa, ta tarar da mata tara an gayyato su aikin kalwa. Ta karɓi taɓarya ta shiga daka tare da su. In an tsaya hutawa sai ta baza toka a ƙasa, ta zana baƙi da tsinke, ta sa shi cikin waƙar daka. Iya Tabawa ta ƙi yarda da sunayen baƙaƙe, ta raɗa musu nata. Wannan ƙwarya ce da ƙwallon kalwa ɗaya a ƙarƙashi, wancan ƙwarya ce da biyu a sama, wancan kuma sandar makaho. Yalwa ta ce ta kira su duk abin da ta ga dama, in dai za ta gane su gobe. Kafin daddawar fada ta kammala, Iya ta iya rubuta sunanta, har tana zana shi da farce a bayan kowane curi.

Malam ya ɗauki curi guda ya kai wa Nomau, ya tashe shi daga barci, ya ce, "Allah ya ja da ran dagaci, ga saƙo daga abokiyar karatunka. Da hannunta ta rubuta."

Nomau ya juya daddawar nan ya sake juyawa, bai gane komai ba. Ya ce, "Tsohuwar nan ce ta yi wannan?"

"Ita ce. Ta kuma ce in gaishe ka, wai in ka farka za ta zo ta biya maka."

Nomau ya miƙe tsaye ya ce, "Ni mai daddawa za ta biya wa? Malam, in labarin nan ya kai Tungar Kalgo ai rawanina ya faɗi." Daga ran nan ya shiga azumin nafila, Litinin da Alhamis, sauran ranaku kuwa ya ce wa bayin Waziri cikinsa ya ɓaci. Da sassafe yana gindin ceɗiya tsakanin marina, ga ƙaton rawani ga ɗan allo, yana haɗa gumi. Karatun bai zo masa da sauƙi ba, sau biyu yana jefar da allon, sau biyu Malam na ɗaukowa ya kakkaɓe ya miƙa masa.

Ranar da wata uku suka cika, fada ta cika maƙil. Malam Ilu ya zauna gefe, yana ta jan carbi. Sarki ya ce shi zai rubuta takardar dagaci, Waziri ya rubuta ta tsohuwa.

Aka miƙa wa Nomau takarda. Ya kafa mata ido, yana bin ta da yatsa, leɓensa na motsi. Ya daɗe a kanta, har Waziri ya fara shafa gemu. Can sai Nomau ya miƙe, ya ratsa fadawa, ya zagaya bayan wani ginshiƙi, ya fito da wata riga mai aska takwas a hannu. Ya faɗi gaban Sarki ya ce, "Allah ya ba ka nasara, an rubuta, Nomau, in ka karanta wannan, akwai riga bayan ginshiƙi na uku, taka ce. Na gode." Fada ta ɗauki sowa.

Sa'an nan aka ba Iya Tabawa tata. Waziri kuwa ga abin da ya ƙulla: ya rubuta maganar da in ta karanta ta tona wa malaminta asiri da bakinta, in ta yi shiru kuma a ce ta kasa. Iya ta nisanta takardar daga idonta, ta duba, ta duba, sai ta kwashe da dariya.

Sarki ya ce, "Iya, karanta mana mu ji."

Ta karanta da ƙarfi, "Ni Nabawa na shaida ban iya karatu ba, Malam Ilu ne ya ce in yi ƙarya."

Fadawa suka juya suka dubi Malam Ilu. Waziri ya ɗaga hannu ya ce, "Kun dai ji da bakinta."

Iya Tabawa ta ce, "A'a, ɗan nan, dakata. Allah ya ba ka nasara, ni sunana Tabawa, farkon sunana ɗigo biyu ne a sama. Wannan kuwa ɗigo ɗaya aka sa, ya zama Nabawa. Ni ban san ta ba. A nemo Nabawa ta zo ta amsa laifinta. Shi kuma mai rubutun, in yana so, ya zo gidana da hantsi a nuna masa inda ake sa ɗigo."

Sarki ya karɓi takarda ya duba, ya ga lalle garin sauri Waziri ya bar ɗigo guda. Ya yi dariya har da hawaye, fadawa na faɗuwa kan juna. Waziri ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, tsohuwa ta ka da ni, kuma da gaskiyarta. Na tuba."

Sarki ya ce, "Malam, kai aka so a kora. Faɗi abin da za a yi masa."

Malam Ilu ya ce, "Allah ya ja zamanin Sarki, masu karatu a ƙasar nan ba su kai hamsin ba, ina za mu yar da guda, balle irin Waziri? A ba ni aronsa. Mahauta sun daɗe suna roƙona malami, ni kuwa hannuna biyu ne."

Haka aka yi. Kullum da safe kafin zaman fada, Waziri Haladu na rumfar mahauta yana biya baƙi da wasali. Makon farko yana zuwa da fushi, yana toshe hanci. Kafin shekara ta kewayo, an ji shi a fada yana cika baki, wai mahautansa sun fi marinan Malam Ilu kyan rubutu.

Sarki ya yi doka, kowane dagaci ya ware inuwa guda a garinsa don karatu, kuma kada a kori kowa saboda sana'ar ubansa. Ya so ya naɗa Malam Ilu sarauta ya zaunar da shi a fada, Malam ya yi godiya ya roƙi a musanya masa da jaki mai ƙarfi. A kan jakin nan ya shekara ashirin da shida yana bin ƙauyuka, in ya zauna wata biyu a gari ya bar musu wanda zai ci gaba, ya wuce. Yalwa kuwa tana shiga gidaje, matan da ta koya wa su ma suna shiga wasu. Iya Tabawa ta ƙara shekara tara a duniya, ba ranar kasuwar da ba a ganin mata sun kewaye kwandonta, tana sayar da daddawa tana yi musu faɗa kan ɗigo.

Da Allah ya karɓi ran Malam Ilu, cikin tsufa da kwanciyar hankali, takardun ta'aziyya suka yi ta zuwa daga kowace kusurwa ta ƙasar, na manoma, na masunta, na masu kitso, na makiyaya, har suka cika kwando uku. Yalwa ta yi kwana arba'in tana karanta su ɗaya bayan ɗaya, wata ta sa ta kuka, wata ta sa ta dariya. Duk wadda ta ga kuskure a cikinta kuwa sai ta ɗauki alƙalamin Malam ta gyara, ta rubuta godiya a ƙasa, ta mayar wa mai ita.

Iyakar abin da ya zo mana na labarin Malam Ilu ke nan. Allah ya jiƙan malamanmu.